Kafin a ce mu sayi sabuwar kwamfuta, a leƙa abin da ke cikin tsohuwar

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan labarin da kuka buga, cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025. Labarin gaskiya ne, ba ni da ja a kansa. Inda na tsaya shi ne shawarar da aka rufe shi da ita: wai kowa ya koma Windows 11, ko ya sayi sabuwar kwamfuta, ko ya biya dalar Amurka 30 a ƙara masa shekara guda ta kariya. Allah ya saka wa wanda ya rubuta, amma da gani bai taɓa wuni a shagon buga takardu a Maraɗi ba.

Ni sana'ata ke nan. Ina gyaran kwamfuta, ina buga takardu da fotokofi a unguwar Zariya. Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suna kawo mini memuwar ɗinsu, masu neman konkur suna kawo dosiye, 'yan kasuwa suna kawo lissafinsu, sakatarorin ofisoshi kuma suna kawo kwamfutar aiki in ta ƙi tashi. Don haka na san abin da ke cikin na'urorin garin nan, kuma shi nake so mu yi magana a kai.

Mu fara da Windows 11 ɗin. Tana da sharuɗɗa. Sai kwamfuta tana da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, in kuma injin Intel ne, sai ya kasance daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen 2017. To mafi yawan abin da ke shigo mana okaziyo ne, HP da Dell da Lenovo waɗanda ofisoshin Turai suka gama cin moriyarsu, aka loda su a jirgin ruwa, ko aka ɗauko su daga titin Beirut a Kano. Akasarin waɗanda nake buɗewa zubi na huɗu ne zuwa na shida. Lafiyarsu ƙalau, suna buga takarda, suna lissafi, suna shiga intanet, amma Windows 11 ba ta karɓarsu ta hanyar da kamfanin ya yarda. Dala 30 kuwa ta haura jika 15 na sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42. Na san akwai hanyar samun wannan ƙarin shekara ba tare da biya ba, ga mai asusun Microsoft. Sai dai ko ita ma sai kwamfutar tana kan zubin ƙarshe na Windows 10, 22H2, ta kuma sha duk gyare-gyaren da aka turo. Kuma duk wannan a Oktoban 2026 zai ƙare.

A nan ne gizo ke saƙar. Kwamfutocinmu ba su shan gyaran da ake turowa, tun kafin wannan rana. Da hannunmu muke rufe shi. Dalili biyu ne. Na farko kuɗin intanet: mutum ya sayi ɗan giga ɗaya don ya aika takarda, ya waiwayo ya tarar Windows ta shanye. Na biyu, wanda ba mu son faɗa a fili, shi ne kusan komai a kan na'urorin nan kirak ne, wato manhajar da aka fasa makullinta don a yi aiki da ita ba lasisi. Windows kirak, Office kirak, Photoshop da CorelDraw kirak, wani lokaci har maganin bairos ɗin ma kirak. Mai gyara yana rufe hanyar sabuntawa don kada kirak ɗin ya tashi daga aiki, mai kaya ya dawo yana faɗa.

Kuma a duba yadda ake saka shi. Matakin farko a kowace takardar bayani da ke biyo kirak shi ne a kashe maganin bairos. Daga nan a ba wani ɗan fayil, wanda ba wanda ya san wa ya rubuta shi, cikakken iko a kan kwamfuta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata dare yana fasa manhajar miliyoyin kuɗi ya zuba ta a intanet kyauta, ba don Allah ya yi ba.

Akwai wata cutar kwamfuta ta masu garkuwa da fayil, ana ce mata STOP ko Djvu, wadda ta bayyana a 2018 kuma babbar hanyar yaɗuwarta ita ce kirak. Tana kulle duk takardu da hotuna, ta liƙa wa sunan kowane fayil wasu baƙaƙe a ƙarshe, ta bar wasiƙa tana neman dala 980, ko 490 ga wanda ya tuntuɓe su cikin awa 72. Cikakken kuɗin ya haura rabin miliyan na sefa. Na gan ta da idona a kwamfutar wani alhaji mai sayar da hatsi da taki. Yaronsa ne ya sauko da wata manhajar gyaran bidiyo. Lissafin bashin da yake bin mutane daga Tibiri har Madarumfa yana ciki, ba kwafi ko ɗaya a wani wuri. Ya ce mini, "Malam, ko nawa ne a gyara." Na ce, "Alhaji, wannan ba aikin gyara ba ne, makullin yana hannun ɓarayin." Abin da ya cece shi wani tsohon littafi ne da babban yaron shagonsa yake rubutawa da biro.

Na alhaji nasa ne, shi ya shafa. Wanda ke hana ni barci shi ne kwamfutocin da ke riƙe da takardun jama'a: takardun haihuwa, sakamakon jarrabawa, sunayen marasa lafiya, jerin albashi. Ba zan kama sunan ofishi ba, amma irin wannan kirak ɗin nake tararwa a cikinsu, da kile guda, ɗan abin nan na ɗaukar fayil, da ke yawo daga tebur zuwa tebur, ta je shagon fotokofi ta dawo. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta sa asibitocin Ingila soke ganin likita kusan 19,000. Abin takaicin, Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan kafa tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su sha gyaran ba. Ingila ke nan, mai kuɗi da injiniyoyi.

Wani zai ce to a sayi lasisi mana, a huta. Daidai ne, wanda ke da hali ya saya, kuma ofishin gwamnati bai da hujjar aiki da kayan sata. Amma mu san me ake sayar mana. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sababbin Photoshop da 'yan uwanta a matsayin kayan da za ka saya ka riƙe, ya koma biyan wata-wata. Office ma hanyar da ake tura mutane ke nan. Haya ce, mai gida kuma yana iya cewa ka tashi. A Oktoban 2019 Adobe ya sanar da masu amfani da shi a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu gaba ɗaya, saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta sa wa ƙasarsu. Mai zanen katin biki a Karakas bai yi wa kowa laifi ba. Daga baya kamfanin ya samu izinin gwamnatin Amurka ya ci gaba, amma kowa ya ga a hannun wa igiyar take.

Mu mutanen Maraɗi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Bayan takunkumin da CEDEAO ta sa wa Nijar ranar 30 ga Yulin 2023, an rufe iyaka ta Ɗan Isa, an yanke lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, wanda a lokacin shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan, sai a Fabrairun 2024 aka ɗage. A watannin nan janareta ya cinye ribar shagona kaf. Tunda ana ta maganar 'yancin kai da dogaro da kai a kowane taro, ina ganin ya dace a tambaya: takardun ƙasa a kan manhajar wa suke zaune, kuma wa ke iya kashe ta daga nesa?

Abin da nake ba da shawara shi ne manhajar da ke da lasisi a buɗe, irin su Linux mai maye gurbin Windows da LibreOffice mai maye gurbin Office, wadda doka ta yarda kowa ya sauko da ita, ya kwafa, ya raba, ya gyara. Tana tafiya sumul a kan tsofaffin injinan da Windows 11 ta ƙi, tana samun gyaran tsaro, kuma ba sai an kashe maganin komai kafin a saka ta ba. Ba mafarkin yara ba ne. Jandarmomin Faransa, duk da abin da ke tsakaninmu da ƙasarsu, sun fara da OpenOffice, magabaciyar LibreOffice, a 2005, daga 2008 suka shiga mayar da dubban kwamfutocinsu kan Ubuntu, wani nau'in Linux. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Waɗannan suna da kuɗin lasisi, sun dai yi lissafi ne.

Rigingimun lasisi da ake ta yi a can ma sun ƙara mini ƙarfin gwiwa. Da kamfanin Oracle ya sayi kamfanin Sun a 2010, OpenOffice ta faɗa hannunsa, masu aikinta ba su yarda da take-takensa ba, sai suka ɗauki kwafin suka ci gaba da sunan LibreOffice a watan Satumbar shekarar. A Maris ɗin 2024 kamfanin Redis ya sauya lasisin manhajarsa ya ƙuntata, cikin kwanaki kaɗan wasu suka ɗauki zubin ƙarshe na buɗaɗɗen lasisi suka kafa Valkey, a Mayun 2025 Redis ɗin ya sake dawo da buɗaɗɗen lasisi. A wannan duniyar, in mai kaya ya juya baya, abin da ya riga ya bayar ba ya karɓuwa. Mai Windows 10 ba shi da wannan damar, ba wanda doka ta ba ikon ɗaukar ta ya ci gaba da gyarawa.

Ba zan ɓoye aibinta ba. A ƙarshen Maris ɗin 2024 aka gano wata ɓoyayyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Mutum guda ne ɗan sa-kai yake kula da ita shekara da shekaru, ya gaji. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka masa har ya samu amana, sannan ya dasa mugun abinsa. Wanda ya gano shi injiniya ne, Andres Freund, kuma a Microsoft ma yake aiki. Ya lura shiga wata na'ura ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi. Sa'a ce ta yi aiki, ba na musu, amma ya iya bin diddigin ne don rubutun manhajar a buɗe yake. Su ma masu tsadar ba su tsira ba. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya turo gyara mai kuskure, kwamfutoci miliyan 8.5 masu Windows suka tsaya cak, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice.

Akwai kuma ƙananan wahalhalu da na sani a shago. Wata firinta ba ta jituwa da Linux sai an sha fama. Takardar da aka tsara a Word takan ɗan goce in an buɗe ta a LibreOffice, musamman mai tebur da yawa. Masu zanen kalanda da katin suna sun saba da CorelDraw, ba za su bar ta a wata guda ba, ni ma ban ce su bari ba. Amma sakatariyar da aikinta wasiƙa ne da jerin suna, da ɗalibin da ke rubuta memuwar, da malamin lakwal mai lissafin maki, ba abin da za su rasa. Na saka wa ɗalibai da dama Linux Mint a kan tsofaffin injina, tambayar da suka fi dawowa da ita ita ce ina ake canza allon rubutu zuwa AZERTY, tsarin baƙaƙen Faransanci.

Ga 'yan uwana masu gyara, in mutum ya nace sai kirak, a gaya masa gaskiyar abin da ake saka masa, a kuma sa shi ya riƙa kwafe muhimman takardunsa a wani faifai da ba ya kwana a jikin kwamfutar. Ga jami'armu da makarantun koyon sana'a, a koya wa yara LibreOffice tare da Word, don wanda ya fita ya iya duka biyun. Hukumar ANSI da ke kula da harkar zamani a Yamai, da hukumar kare bayanan jama'a ta HAPDP, su ne ya dace su fara da ƙidaya: kwamfuta nawa ke ofisoshin gwamnati, nawa ke da lasisi, nawa ke shan gyara, ina ake ajiye kwafin takardu.

Ku kuma, ya Edita, roƙona shi ne in irin wannan labari ya sake zuwa daga waje, ku tura wakilinku na Maraɗi ko Damagaram ya shiga ofisoshi biyu ko uku da shagunan buga takardu, ya tambayi wace Windows ke kan teburinsu da ranar da ta sha gyara na ƙarshe, a buga amsar kusa da labarin. In ya biyo ta unguwar Zariya, zan buɗe masa nawa injinan ya fara da su.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta,
Unguwar Zariya, Maraɗi, Jamhuriyar Nijar