Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiya

'Yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar. Kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya tanada, kwamitin zartarwa na gabatar muku da bayanin abin da muka yi a fagen da ya haɗa mu, wato shigar da fasaha da gyaran tsarin aiki a ma'aikatun gwamnati. Lissafin kuɗi yana cikin rahoton ma'aji, ba za mu maimaita shi ba.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne bin sawun fayil. Mun roƙi kowane mamba ya ɗauki takarda guda a ofishinsa, ta neman hutu ce ko ta biyan haƙƙin ɗan fansho, ya bi ta teburi bayan teburi har ta fita. Wata mamba ta kawo labarin da har yau ake maimaita shi. Ofishinsu ya sayi manhaja domin a daina yawo da takarda. Yanzu mai nema yana cike fom ta intanet, akawu ya buga shi a takarda, masinja ya kai wa shugaban sashe ya sa hannu, a doka hatimi, sannan a ɗauki hotonsa a mayar cikin kwamfuta. Matakai biyu aka ƙara a kan na da. Da ta tambayi amfanin sa hannun a takarda, amsar da ta samu ita ce haka aka tarar. An yi dariya a zauren, amma kusan kowa ya ga ofishinsa a cikin labarin.

Wannan ne ya sa muka karkata zaman nazarinmu na wata-wata zuwa ga ƙasashen da suka fara gyara tsari kafin sayen na'ura. Mun daɗe a kan Estoniya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Tun 2001 ta kafa X-Road, hanyar da rumbunan bayanai na ma'aikatu ke musayar bayani kai tsaye, kuma ƙa'idarsu ita ce kada hukuma ta sake tambayar ɗan ƙasa abin da ya riga ya ba wa wata hukumar. Abin da ya fi burge mambobi shi ne ɗan ƙasa yana iya duba wace hukuma ta leƙa bayanansa. Wasu sun ce ƙaramar ƙasa ce, shi ya sa abin ya yiwu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Sai dai ƙa'idar tambaya sau ɗaya ba ta buƙatar yawan jama'a ko ƙarancinsu, yardar ma'aikatu take buƙata, kuma a nan gizo ke saƙar. Mun kuma duba GOV.UK na Birtaniya, wanda aka buɗe a 2012 don tattara hidimomin gwamnati a shafi guda cikin harshe mai sauƙi.

Zaman da ya fi zafi shi ne na illar dogaro da na'ura ido rufe. Tsakanin 1999 da 2015 an hukunta masu kula da rassan gidan waya fiye da 900 a Birtaniya bisa alkaluman manhajar lissafin kuɗi ta Horizon, wadda ke nuna giɓin kuɗi alhali babu shi. Wasu sun yi zaman kurkuku, sai a 2024 majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. A Holan, gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021 bayan hukumar haraji ta zargi dubban iyaye da zamba a tallafin renon yara ba bisa gaskiya ba, kuma tsarin kwamfutar da hukumar ke tantance masu neman tallafin da shi ya riƙa ɗaukar zama ɗan ƙasa biyu a matsayin alamar haɗari. A duka biyun mutane sun yi ta kuka tun da wuri, aka gaskata allo aka ƙaryata su. Daga wannan zama muka tsara takardar shawara da ke cewa duk hukuncin da manhaja ta yanke a kan mutum dole ya kasance da jami'in da za a kai wa ƙorafi, mai ikon sauya shi. Daftarin yana hannunku, muna jiran gyara.

An gudanar da horo a kan kare bayanan jama'a da gane saƙonnin imel na damfara. Halarta ta yi kyau, sai dai yawanci ƙananan ma'aikata ne. Shugabannin sassa, waɗanda su ne ke amincewa da sayen manhaja, ba mu cika ganinsu ba.

Akwai alkawarin da muka kasa cikawa. Mun ce za mu buɗe rumbun ajiye takardun zamanmu a intanet, ba mu yi ba, domin mun tsaya gardamar wace manhaja za a yi amfani da ita kafin mu yanke wanda zai riƙa sabunta shi. Kuskuren da muke yi wa wasu wa'azi a kai, shi muka tafka. Kwamiti ya ɗauki laifin.

A shekara mai zuwa muna so kowane mamba da ya bi sawun fayil ya koma da shawarar cire mataki ɗaya tak, ya kawo mana abin da ya biyo baya, ko an amince ko an ƙi. Za a tattauna wannan da daftarin takardar shawara a babban taro, kafin zaɓen sababbin shugabanni. Masu bashin kuɗin shekara su ga ma'aji kafin ranar.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa