Zuwa ga 'yata a Jidda, kan kalacin yaron nan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

'Yata, ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da wannan angon nawa da aka ce ya fara raka loma da ido. Mu nan Makka lafiya lau, sai zafi. Kin tambaye ni abin da za ki riƙa ba shi da safe tun da ya cika wata shida. Na ga gara in rubuta miki, don awo ba ya zama a ka idan a waya aka faɗe shi.

Ki fara duba shi kansa yaron. Idan yana zama da ɗan tallafi, wuyansa ya tsaya, yana kai abu baki da hannunsa, kuma in an sa masa abu a harshe yana haɗiyewa maimakon ya turo shi waje, to ya isa. In kuwa har yanzu kansa na langaɓewa, ki kai shi mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, su duba kafin ki soma. Nono dai yana nan a matsayinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci gaba da shi har shekara 2, kin kuma san aya ta 233 a Suratul Baƙara. In kin idar da sallar asuba ki shayar da shi, ki bar shi rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan ki kawo abinci. Yaron da yunwa ta riga ta fusata ba ya koyon cokali, mai jin barci ma haka.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne kauri. Cikin yaro a wannan lokaci bai fi ya ɗauki mililita 200 ba, wato bai kai kofi guda ba. Kokon da muke sha, wanda aka tace gasara aka tsinka ta da ruwa, in kin cika masa ciki da shi kin cika shi da ruwa ne. Zai yi gyatsa, ki ɗauka ya ƙoshi, ya rage shan nono, a ƙarshen wata a ɗora shi kan sikeli a ga bai motsa ba. Ga kuma sinadarin ƙarfen jini da aka haife shi da shi, wanda yake ƙarewa wajen wata shida, nono kaɗai kuma ba ya cike gurbin. Saboda haka kunun yaro sai ya zama in kin ɗebo a cokali kin karkata shi, ya tsaya yana shawara kafin ya faɗo. Duk wanda ya zuba kamar shayi bai yi ba.

Ki soma da gero, wanda masu shago a nan suke kira dukhun. Ki surfa shi, ki wanke, ki rege tsakuwa, ki shanya ya bushe ƙarau, ki soya shi sama-sama a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, sannan a niƙa a tankaɗe da rariya mai laushi. Kada a sa masa citta, ko kanumfari, ko masoro, ko barkono, kada kuma kanwa ta je kusa da shi. Ki zuba a kwalba mai murfi. Wannan wahalar ta yini ɗaya za ta sauƙaƙa miki safiyar mako biyu ko uku. Kada ki niƙa da yawa, garin gero ba ya jure ajiya, balle a damshin Jidda, nan da nan yake ɗaci.

Da safe ki auna babban cokali 2 na garin da babban cokali 10 na ruwa. Ki dama garin da cokali 3 na ruwan, mai sanyi, ragowar 7 ki tafasa, ki zuba damun a hankali kina juyawa. Ki rage wuta sosai, ki ci gaba da juyawa minti 7 zuwa 10. In ya yi gudaji, busasshen gari ne ya haɗu da ruwan zafi. In ya kama ƙasan tukunya, wuta ta yi yawa ko kin juya baya, domin ɗan abu kaɗan irin wannan ba ya jiran kowa. In yana warin ɗanyen gari bai nuna ba, ki ƙara ruwa cokali biyu ki ci gaba. Da kin sauke ki sa ƙaramin cokali 1 na man zaitun ko man shanu marar gishiri. In ya yi tauri da ya huce, ki sassauta shi da nonon da kika tatsa. Ki ɗiga a bayan hannunki ki ji zafinsa kafin ya je bakinsa.

Ranar farko ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ya isa, rabinsa ma a haɓa zai ƙare. A hankali ki kai babban cokali 2 zuwa 3, sau biyu a yini. Kafin ya cika wata takwas ya doshi rabin kofi mai mililita 250, sau biyu ko uku. Daga wata tara kuma sau uku zuwa huɗu.

Gero shi kaɗai ba ya gina jiki yadda ake so, sai an yi masa rakiya. Mafi sauƙi a nan shi ne jan adas, ɗan ƙaramin dangin waken nan da ake miyar shorba da shi a azumi. Ki wanke babban cokali 1, ki dafa da rabin kofin ruwa minti 15 zuwa 20 har ya narke, ki murje shi cikin kunun. Ba shi da ɓawo, don haka bai cika tayar wa yaro da ciki kamar wake ba. Ki biyo shi da cokali biyu na niƙaƙƙen mangwaro, ko gwanda, ko gwaba da aka tace 'ya'yanta, domin bitamin C da ke cikinsu shi ke taimaka wa jiki ya zuƙi ƙarfen da ke cikin hatsi. Lokacin mangwaron Jazan kada ki bari ya wuce ku. Sau ɗaya a mako ki dafa hantar kaza ko ta rago har cikinta ya daina ja, ki niƙa ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ki haɗa. Kada ki wuce sau ɗayan, bitamin A ya yi mata yawa. Sauran kwanakin dafaffen nama ko kifin da kika tsince ƙayarsa da yatsa, an niƙa lukui, sun wadatar.

Ranar da kika makara, shufan, wato hatsin da Turawa ke kira oats, shi ne mafita. Ki niƙa shi a bilenda ya zama gari, babban cokali 2 a rabin kofin ruwa, minti 5 a wuta, ki murje rabin ayaba nunanniya a ciki. In kin ga wasu baƙaƙen zare-zare a bayan gidansa washegari kada hankalinki ya tashi, ayabar ce, ba tsutsa ba. Dankalin Hausa ko kabewa kuma ki turara su da dare minti 15 zuwa 20, ki rufe a firij, da safe ki ɗumama su yi zafi sosai, ki murje da cokali mai yatsu, ki bari su huce. Zabadi, wato yogot, shi ma yana yi daga wata shida, amma farinsa mai cikakken maiƙo, wanda ba a sa wa sukari ko ɗanɗanon 'ya'yan itace ba. Babban cokali 2 da ayaba ko fiya, kalaci ya haɗu ba a kunna wuta ba. Garin gwangwani irin su Cerelac yana da amfanin ƙarfen da aka ƙara masa, sai dai ki karanta jikin gwangwanin, wanda kika ga an rubuta zuma ko sukari ki mayar kan kanta.

Ƙwai da gyaɗa kada ki jinkirta su don tsoro, jinkirin ba ya kare yaro daga borin jini. Abin da ake yi shi ne a gwada su ɗaya bayan ɗaya, da safe, ranar da yake lafiya, don ki samu yini guda kina kallonsa. Ƙwai ki dafa shi minti 10 daga lokacin da ruwa ya tafasa, fari da gwaiduwa duk su daskare. Gwaiduwa busasshiya tana maƙale wa yaro a maƙogwaro, sai ki murje ta tare da farin da nono ko ɗan kunu. Ki soma da rabin ƙaramin cokali, in lafiya ki ƙara har ya kai rabin ƙwai. Bayan kwana uku ki gwada gyaɗa: soyayya, an markaɗa ta lukui, rabin ƙaramin cokali a narkar cikin kunu mai ɗumi. Kada ki ba shi markaɗaɗɗiyar zallarta a cokali, tana liƙewa a dasashi. Ki tsince gyaɗar da kanki, duk wadda ta yi fumfuna, ko ta yamushe, ko take ɗaci ki zubar, gubarta hanta take ci kuma wuta ba ta kashe ta. In kin ga ƙuraje sun feso masa, ko leɓe ko ido ya kumbura, ko amai ya biyo baya, ki tsayar ki kai shi asibiti. In numfashi ya canja, ki kira 997, lambar motar asibiti, nan take. In kuwa dama yana fama da ƙaiƙayin fata mai tsanani, likita zai fara ganinsa kafin ki gwada ko ɗaya.

Sai kalacin gidanku. Na san maigidanki ba ya rabuwa da ful, wato dafaffen waken Larabawa, da burodin tamis, kuma yaro zai miƙo hannu. Ful na gwangwani da na shago gishiri ne fal, alhali yaron da bai shekara ba gishirin da jikinsa ke ɗauka bai kai giram 1 a yini ba, nono da abinci sun riga sun ba shi wannan. Don haka ba gishiri, ba dunƙulen Maggi a tukunyarsa. Akwai kuma wani ciwon gado da likitoci ke kira G6PD, Larabawa suna ce masa animiyar ful, ya fi kama maza, kuma ana samunsa a cikinmu. Mai shi in ya ci ful jininsa ke fashewa, cikin kwana ɗaya ko biyu ya yi fari fat, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar shayi. Ki tambaya a mustausaf ko an yi masa gwajin kafin ful ya shiga bakinsa.

Ma'asub da arika ma, waɗannan da ake yi da murjajjen burodi, ki kawar da su daga gabansa, saboda zumar da ake zuba musu. Za a ce miki zuma waraka ce, haka ne, Alƙur'ani ya faɗa. Amma takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke fin ƙarfinta, na jariri kuwa ba ya iyawa, sai ta saki guba da ke sanyaya masa jiki har ya kasa tsotso da numfashi. Dafawa a gida ba ta kawar da ita. Ko lasa kada a ba shi sai ya cika shekara. In surukarki ta kawo, ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ce likita ya ce a ajiye masa. Shayi yana hana jiki zuƙar ƙarfe, lemon kwali sukari ne, madarar shanu kuma a iya dafa kunu da ita amma ba za ta maye nono ba kafin shekara. In kina son zaƙi, dabino ɗaya ya isa: ki cire ƙwallon, ki jiƙa a ruwan zafi minti 10, ki saɓule ɓawon, ki murje. Shi ma ba kullum ba, kada ya saba ya ƙi abin da ba zaƙi. Ruwa kuwa, tafasasshe da ya huce, 'yan kurɓi a ƙaramin kofi bayan abinci.

Ɗura ce ba na so ko a mafarki. A kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara kunu a tafin hannu a tura masa, wannan hanya ce ta kai kunu huhu. Haka zuba kunu a fida a ƙara wa bakinta rami. Ki zaunar da shi a miƙe yana fuskantarki, ki kawo cokali daidai leɓensa ki jira ya buɗe. In ya kau da kai ko ya rufe baki, ya gama, ko da cokali biyu ya ci. Sabon abu yakan ƙi shi sau takwas, sau goma, kafin ya karɓa, yamutsa fuska kuma ba ƙi ba ne.

Ki san bambancin kakari da shaƙewa. Mai kakari yana tari, yana ƙara, fuska ta yi ja, wannan ki bar shi ya fitar da kansa, kada ki zura masa yatsa. Wanda ya shaƙe shiru yake yi, ba kuka ba tari, leɓe ya soma duhu. Ki kifa shi a kan hannunki kansa ya yi ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5, ki juyo shi ki danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau 5, kina maimaitawa, wani kuma yana kiran motar asibiti. Inabi sai an tsaga shi huɗu a tsaye. Gyaɗa ko aya guda-guda ba nasa ba ne sai ya kai shekara 5. Wajen wata takwas ki daina tacewa, ki bar ɗan gudaji mai laushi, ki ba shi wainar ƙwai da aka yanka tsawon yatsa ya riƙe da kansa. Yaron da aka daɗe ana niƙa wa komai yana wahalar koyon tauna.

Ki ɗebi abin da zai ci a ɗan kwano daban. Cokalin da ya shiga bakinsa in ya koma kunu, yawu ke tsinka shi ya zama ruwa, shi ya sa za ki ga kunu mai kauri ya saki kafin a gama ci. Ragowar kwanon a zubar. Na tukunya, a zafin nan namu, kada ya wuce awa ɗaya a waje, a firij kuma kwana ɗaya, a ɗumama sau ɗaya tak. Ɗigon bitamin D da aka rubuta masa ki ci gaba da ba shi, ranar rigakafin wata tara kuma ki sa su auna shi, ki karanto mini nauyin.

Na sa a surfa gero mudu biyu, in ya bushe zan aiko miki da garin ta hannun ƙaninki. Ki gaida maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan angon.

Mahaifiyarki,
daga Makka