A riƙa jin ta bakin naƙasassu da tsofaffi kafin a tsara musu manufa

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan yadda hukumomi ke tuntuɓar jama'a idan za a tsara manufofin da suka shafi masu buƙata ta musamman da tsofaffi. Na daɗe ina aikin sa-kai da wata ƙungiyar guragu a unguwarmu, kuma mahaifiyata da ta haura shekara tamanin a hannuna take, don haka abin da zan faɗa daga gani da ido yake.

Ta fuskar doka ba a bar mu a baya ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, wadda ta wajabta wa gwamnati ta riƙa shawara da su ta hannun ƙungiyoyinsu a duk abin da ya shafe su. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya, bayan majalisa ta sha zartar da ƙudurin a baya ba tare da an rattaba masa hannu ba. Dokar ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin da ya cika tun Janairun 2024. An kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa a 2020, sannan a 2021 aka amince da manufar ƙasa kan tsofaffi, cibiyar kula da su ta fara aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake jin ra'ayin waɗanda aka yi duk wannan dominsu.

An taɓa gayyatarmu wani taron jin ra'ayi da aka shirya a zauren wani otal, a hawa na biyu, ba tare da na'urar hawa ba. Matasa ne suka riƙa cicciɓar mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, aka bar kekunansu a ƙasa cikin rana. Da muka zauna sai aka raba mana kundi mai kauri da Turanci, wanda tuni aka buga shi da bango mai ƙyalli, alamar an riga an gama magana. Babu tafintan kurame, babu kwafi da rubutun makafi. Wani dattijo makaho ya nemi a karanta masa sashen da ya shafi bara, aka ce masa lokaci ya ƙure. Aka ɗauki hoto, aka sa hannu a takardar halarta, aka ba kowa kuɗin mota, washegari muka ji a rediyo cewa an tuntuɓi masu ruwa da tsaki.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma illar rashin tambayarsa a fili take. A wurare da dama an yi gangaren siminti a ƙofar shiga domin a ce an bi doka, amma tsayuwarsa ta sa ko mai ƙafa biyu sai ya yi taka-tsantsan. Wanda ya zana shi keken asibiti ne a ransa, alhali yawancin guragunmu keken hannu mai ƙafa uku suke tuƙawa, wanda ya fi tsawo, ba ya kuma iya juyawa a lungu. Da an kira mutum ɗaya da kekensa ya gwada kafin a zuba siminti, da ba a yi asarar ko buhu guda ba.

Haka abin yake wajen rajista. Na kai mahaifiyata wani ofishi inda na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karanta hannunta, domin daka da wanki na shekaru sun shafe zanen. Sau uku muna komawa. A kan layin na ga wani bawan Allah da kuturta ta cinye wa yatsu, ma'aikacin kuwa bai san abin da zai yi da shi ba. Duk tsarin tallafin da aka jingina shi ga zanen yatsa da lambar waya kaɗai, to ya fitar da irin waɗannan tun daga ƙofa.

Ba na musun cewa akwai ƙoƙari. Wajen haɗa rajistar marasa galihu ta ƙasa an bi hanyar tara mutanen gari, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi da bakinsu wane ne talaka a cikinsu, kuma wannan ya fi zaman otal nesa ba kusa ba. Sai dai tsohuwar da ke kwance a ƙuryar ɗaki ba ta zuwa dandali, kurma kuma ko ya zo ba ya jin abin da ake faɗa, saboda haka dole a bi su gida-gida.

Abin mamaki shi ne muna da tsarin da za a hau kai. Garuruwanmu na da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, waɗanda suka san mutanensu da suna da unguwa. Amma kada a tsaya a kansu kaɗai, domin sau da yawa mace mai lalura ba ta iya buɗe baki a gabansu ta yi maganar awon ciki ko cin zarafi, kuma matan da ke jinyar tsofaffi dare da rana, 'ya'ya da surukai, ban taɓa ganin an kira su wani taro ba.

Kirana ga hukumomin tarayya da na jihohi shi ne a fara tuntuɓa tun kafin a rubuta daftari, a yi ta da harshen mutane, a ƙasa inda keke zai shiga, sannan a dawo a gaya musu abin da aka ɗauka cikin shawarwarinsu da dalilin barin sauran. Jaridarka kuma ina roƙon ta tura wakili tare da mai keken hannu su zaga sakatariyoyi da kotuna da asibitoci, a buga mana sunayen waɗanda ya iya shiga da kansa.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano