Baƙin cikin mutuwar kare da zargin kai da ke biyo bayansa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana kan wani ciwo da masu shi kan ɓoye, wato halin da mutum yake shiga idan karen da ya yi rainonsa ya mutu. Da wuya ya samu mai yi masa jaje, abin da ya fi ji shi ne, "Ai kare ne, sai ka nemi wani." A 1989 wani masani ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya yi rubutu kan irin baƙin cikin da jama'a ba su ba mai shi damar nunawa, kuma rashin dabbar gida yana cikin misalan da ake kawowa. Damuwar da aka hana ta fita kuwa ciki take komawa, ta rikiɗe ta zama zargin kai.

Wannan zargin shi ne ya fi damuna. Mutum yakan kwana yana cewa da ya kai shi wurin likita da wuri, da ya lura ya rage cin abinci, da bai bar ƙofa a buɗe ba ranar nan, da yanzu yana raye. Sai dai yana yi wa jiya hukunci ne da sanin da bai samu ba sai yau. Tun daga binciken Baruch Fischhoff na 1975, masu nazarin halayyar ɗan Adam sun nuna cewa da zarar mutum ya san yadda al'amari ya ƙare, sai ya ga kamar alamunsa a fili suke tun farko. Alhali kare dabba ce mai danne ciwo, ba shi da bakin faɗin inda ke damunsa. Cutar ƙoda ba ta cika bayyana ba sai bayan kashi biyu cikin uku na aikin ƙodar, ko fiye, ya lalace. Ƙari yakan girma a saifa ba tare da wata alama ba har ranar da zai fashe, murɗewar tumbi kuma takan kashe babban kare cikin 'yan sa'o'i. Ko da babu cuta, yawancin karnuka shekara 10 zuwa 13 suke yi a duniya.

Wanda ya amince likita ya yi wa karensa allurar kawo ƙarshen wahala, nauyin da ke zuciyarsa ya fi na kowa, domin yakan ji kamar shi ya kashe shi. A ganina cuta ce ta riga ta yanke hukunci, shi dai ya rage wa dabbar kwanakin azaba ne.

Ba na cewa sakaci ba ya faruwa. Cutar fabo, wadda ta ɓulla a 1978, tana kashe kwikwiyo da amai da gudawar jini cikin kwanaki kaɗan, alhali akwai rigakafinta. Amma ko wanda hakan ta same shi, gara ya koma wurin likitan dabbobi ya tambaye shi kai tsaye abin da ya faru, maimakon ya zauna yana ƙirƙiro wa kansa laifin da wataƙila ya zarce na gaskiya. Yara kuma a faɗa musu gaskiya da lafazi mai taushi, kada a ce musu kare ya gudu, domin za su yi ta jiran dawowarsa ko su ɗauka su ne sanadi. Idan damuwa ta hana mutum barci da abinci da aiki har tsawon makonni, ya kamata ya ga likita.

Ina roƙon Edita ya gayyaci likitocin dabbobi su riƙa bayyana wa masu karatu alamun waɗannan cututtuka da lokutan rigakafi.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku