Maganar bitamin ɗin nan da kike ta sha

'Yata, ya jiki, ya laulayin? Allah ya ƙara sauƙi. Tun da kika ce min bayan maganin da aka ba ki a wajen awo kin ƙara sayo wasu kwalabe biyu na bitamin, wallahi hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na ce bari in rubuto miki ki karanta a tsanake.

Na san don yaron ya fito da ƙwari kike yi. To amma ba kowane bitamin ne jiki yake zubar da rararsa ba. Bitamin C da yawancin dangin B in sun wuce buƙata a fitsari suke fita, amma A da D da E da K ajiye su jiki yake yi, shi A ɗin ma a hanta yake taruwa, yau kaɗan gobe kaɗan ke ba ki ma sani ba. Kuma shi ne ya fi ba ni tsoro, wanda za ki ga an rubuta retinol a bayan kwalba. Daga sati na 3 zuwa na 8 da shigar ciki ake halittar zuciya da ƙwaƙwalwa da fuska da kunnuwa, zuciyar ma wajen kwana 22 take fara bugawa alhali ɗan tayin bai kai ƙumbar yatsanki ba, kuma wannan bitamin A ɗin yana cikin abubuwan da ke nuna wa ƙwayoyin halitta inda kowacce za ta je ta zauna, to in ya yi yawa sai tsarin ya rikice, a haifi jariri da tsagaggen leɓe ko ganɗa, ko kunne bai cika ba, ko matsala a zuciya da manyan jijiyoyinta, ko ruwa a kai. Allah ya kiyaye.

Ba tsoratarwa ba ce kawai. A 1995 an fitar da wani bincike a Boston ta Amurka kan mata masu juna biyu sama da 22,000, aka ga cikin waɗanda ke shan fiye da IU 10,000 na bitamin A a rana (IU ɗin ma'aunin bitamin ne da ake rubutawa a jikin kwalba), kusan jariri 1 cikin 57 ya samu nakasa ta dalilin haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma iyakar da ta sa wa mai ciki kenan, 10,000 a rana.

Kuma fa haɗuwa yake yi, wannan kwalba ta kawo nata, waccan ta kawo nata, ga man hantar kifi, ga hanta ita kanta in ana yawan ci. Na karas da ganye dai ba ruwansa, jiki iya abin da yake so yake ɗauka. Maganin kurajen fuska kuwa irin su isotretinoin ko kusa kar ki je, man shafawa mai retinol ma ki ajiye shi sai kin sauka.

Amma don Allah kar ki ce Mama ta ce a daina magani. Folic acid ɗinki mikrogiram 400 da maganin ƙarin jini ki ci gaba da sha kullum, folic ɗin shi ke kare ƙwaƙwalwa da lakar bayan yaro. Waɗancan biyun dai ki dakata da su, kar kuma ki tada hankalinki kan wanda kika riga kika sha, ranar awo ki zuba su duka a jaka har da man fuskar, ki ajiye a gaban likita ki faɗa masa tun yaushe kika fara da guda nawa kike sha. Ki kira ni in kin dawo. Allah ya sauke ki lafiya, ki gaida maigidan.

Mamanki