Zuwa ga 'yan uwa Zazzagawa mazauna Ingila, kan fitar yara ta daren Juma'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, ya aiki, ya sanyi? Ba mu so rubuta wannan takarda ba. Kwana huɗu muna danne zuciya, amma saƙon muryar nan da wani ɗan uwa ya yi yana zarginmu kan fitar ya fita daga zaurenmu na WhatsApp har ya isa Tudun Wada da Sabon Gari. Yanzu iyaye na bugo waya daga gida suna tambaya, wai da gaske ne mun kwashi 'yan mata da dare mun kai su gidan rawa, mun kuma sa su kallon gumaka?

Tate Modern muka je, gidan adana zane-zanen nan na bakin kogin Thames, tsohuwar tashar lantarki da aka buɗe wa jama'a a 2000. Ƙarfe shida muka shiga, kafin tara mun fito. Wanda ya kira wannan "tsakar dare" ya san sarai cewa a hunturun Landan ƙarfe huɗu rana ke faɗuwa. Iyaye mata huɗu ne suka raka yaran, da Ma'aji, da Malam, wanda ya ja mu sallar Isha'i bayan mun koma masauki. Gaskiya ne gidan yana da wani dare a wata da ake kawo masu kiɗa, ana kuma sayar da abin sha. Mun san da shi, shi ya sa muka kauce masa.

Abin da ya kai mu shi ne baje kolin Nigerian Modernism, wato zanen zamani na Najeriya, kuma rabin labarinsa na garinmu ne. A Zariya, a 1958, wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya, suka ce ba za su ƙare a kwaikwayon Turawa ba, sai sun haɗa da abin da suka gada. Su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya ke nan. Galibinsu 'yan kudu ne, amma ruwan Zariya suka sha. Wani yaro ɗan shekara 16, wanda a gida sai an yi da gaske yake amsa gaisuwa da Hausa, ya karanta bayanin da ke bango ya juyo ya ce, "Baba Ma'aji, Zariya tamu?" Ma'aji bai iya ba shi amsa nan take ba.

Wurin tukwanen Ladi Kwali kuwa sai da aka yi ta jan yaran kafin su matsa. Shugabar mata ta zuge jaka ta ciro tsohuwar naira ashirin, ta juya bayanta, ga matar nan zaune tana ginin tukunya. Takardar ta yi ta zagaye hannu zuwa hannu. 'Yan matan suka zauna a ƙasa da littafi da fensir suna kwafar ƙadangaru da kifayen da ta zana a jikin tulu. An gaya musu a 1954 ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew, Bature maginin tukwane, a tsohuwar Abuja, wato Suleja, garin da 'yan uwanmu Zazzagawa suka kafa. Waɗannan su ne gumakan.

To, ɗan uwa mai saƙon murya, mun gane muryarka, ba ma buƙatar kiran suna. An kawo maganar fitar nan a taro biyu, ba ka zo ba. An raba takardar izinin iyaye, ba ka ce uffan ba. Lambar Shugaba tana wayarka, ta Malam ma haka. Me ya hana ka kira? Matan da ka zubar wa mutunci sun bar aikin dare, sun yi asarar kuɗin yini don su tsare 'ya'yan wasu, ɗaya daga cikinsu kuka take yi da muka je ba ta haƙuri. Da ku da kuka yi ta tura saƙon kuna "Allah Ya kyauta", ku ma da hannunku a ciki. Mu nawa ne a ƙasar nan da za mu riƙa cin naman juna? Yaran nan fa suna fita daren Juma'a ko mun so ko ba mu so, sai dai mu zaɓi ko da mu za a fita. Muna jiran ka janye maganarka a zauren da ka yi ta, ka kuma nemi gafarar matan nan kafin taro mai zuwa.

Sauran batutuwa:

Masu 'ya'ya 'yan shekara 16 zuwa 25 su yi musu rajistar Tate Collective, shirin matasa na Tate. Kyauta ce, tikitin baje koli kuma fam 5.

Ajin yumɓu da ɗinkin hula na yara zai fara bayan hutun makaranta. Muna neman mai koya zanen dagi.

Ta'aziyyar mahaifiyar Sakatare: Lahadi bayan Azahar, a gidansa. Allah Ya jiƙanta.

Kuɗin wata: masu bashin wata uku zuwa sama su ga Ma'aji. Kuɗin jirgin ƙasan yaran ma daga aljihunsa ya fita, har yau ba a mayar masa ba.

Wassalam.
Shugaba, a madadin kwamitin zartarwa