Wasiƙar godiya ga masu gyaran lagireto na bayan kasuwar Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na ga ya dace in rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode wa Malam mai garejin gyaran lagireto da ke bayan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, shi da yaransa, bisa aikin da suka yi wa motata. Na yi masa godiya baki da baki a ranar da na karɓi motar, amma na jinkirta rubutun nan sai da kakar tumatir ta ƙare, saboda gyaran mota ba a yabonsa a ƙofar gareji, sai an ɗora mata kaya ta sha hanya.

Sana'ata ita ce dakon tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar 'Yankaba, kuma abin da nake yin ta da shi a-kori-kura ce ƙirar Peugeot 504, haɗin Kaduna, daga masana'antar nan da ta fara aiki a 1975. Mahaifina ne ya bar mini ita. Shekara biyu ta yi tana ɗaukar zafi, musamman idan an shiga watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40. A kan titin Zariya tana tafiya lafiya lau, amma da zarar na shiga cunkoson Na'ibawa da kwanduna a baya, sai allurar zafi ta fara hawa har ta kusa jan layi. Jarka biyu ta ruwa nake ajiyewa a bayan kujera, kuma sau da yawa na tsaya a gefen titi da bonet a buɗe ina jiran inji ya huce, tumatirin mutane yana laushi a rana. Na kai ta wurare uku kafin nan. Wani ya canja fambel, wani ya zuba garin toshe yoyo, na ukun kuma ya cire tamostat, wato 'yar na'urar da take tsare ruwa a cikin inji har sai ya ɗumama, ya jefar, ya ce motar ƙasar zafi ba ta bukatarsa.

Abin da ya fara burge ni a wurinka, Malam, shi ne ba ka ɗauki sufana ba sai da ka gama tambayata: yaushe take zafin, a guje ko a tsaye, da kaya ko ba kaya, kuma wane ruwa nake zuba mata. Daga nan ka buɗe murfin lagireto tun inji yana da sanyi, ka sa aka tayar da shi, ka tsaya kana duban ruwan ko kumfa za ta riƙa tasowa, wadda ita ce alamar gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Ba ta taso ba, ka ce in gode wa Allah, domin kan injin 504 na alminiyam ne, kuma zafi mai yawa yana iya lanƙwasa shi. Da inji ya ɗumama aka kashe shi, sai ka kama hannuna ka ɗora bayansa a jikin lagireton. Gefe ɗaya da zafi, tsakiyar kuwa sanyi ƙalau. Ka ce ruwa ba ya bin nan ko kaɗan, wato kusan rabin lagireton ya daɗe da daina aiki. Da yaranka suka narka dalmar suka cire tankin sama, na ga bututayen da idona, sun toshe da tsatsa da wani farin dasashi mai tauri wanda ka ce ruwan rijiya da na burtsatse ne suke barinsa, ga kuma garin nan da aka zuba ya daskare a bakinsu kamar siminti.

Ka gaya mini gaskiya cewa ana iya tsefe shi ya yi wata shida, amma ga mai ɗaukar kaya irina gara a sa sabon ciki mai layi uku a madadin mai layi biyu, domin ruwa ya sami ƙarin wurin hucewa. Na zaɓi haka. A kan fanka ma bayaninka ya gamsar da ni: fankar asali fambel ne yake juya ta, saboda haka gudunta yana bin gudun inji, kuma a cikin cunkoso, inda aka fi bukatarta, a nan ne take juyawa a hankali. Ba ku cire ta ba. Kun ƙera mata zagayen kwano da zai sa ta ja iska ta cikin lagireton maimakon ta gefe, sannan kuka ƙara fankar lantarki a gaba, wadda take tashi da kanta idan ruwa ya yi zafi, ta tsaya idan ya huce. Mai wayarin ɗinku ya auna altaneta kafin ya haɗa ta, ya sa mata rile, wato ɗan makunnin da yake ɗaukar nauyin wutarta, da fiyus nata na kanta, bai rataya ta a kan wayar makulli ba kamar yadda na sha gani a motocin abokan sana'ata, waɗanda wayoyinsu suke narkewa.

Mun ɗan yi gardama a kan tamostat, kuma a yau na yarda kai ne da gaskiya. Cire shi bai buɗe toshewar ba, sai dai ya sa inji yana daɗewa bai ɗumama ba da asubar hunturu, yana shan mai fiye da kima. Ka mayar da sabo, ka kuma canja murfin lagireton, ka nuna mini cewa robarsa ta mutu, alhali matsin da murfin yake riƙewa shi ne yake hana ruwa tafasa a digiri 100. Ban taɓa ɗaukar murfin nan a bakin komai ba.

Akwai abu ɗaya da ban tambaya ba kuka yi. Tsohon cikin lagireton na tagulla ne, yana da kuɗi a wurin 'yan gwangwan, kuma na san a wurare da dama ba a ko ambatarsa. Ƙaramin yaronka ne ya ɗauko shi ya saka mini a bayan mota, tare da rasidin kayan da aka sayo da ragowar canjina.

Tun daga ranar na yi dako har ƙarshen kaka, da azumi a bakina a wasu ranakun, kuma allurar ba ta wuce tsakiya ba ko a cunkoso mafi muni. Na daina zuba ruwan rijiya, ruwan sanyaya inji na galan nake amfani da shi kamar yadda ka umarce ni, ina kuma wanke ƙurar da take maƙalewa a fuskar lagireton duk mako. Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa sana'arku albarka, ya raya yaran da kake koyarwa. In sha Allahu zan kawo motar kafin damina a duba tiyo biyun da ka ce sun fara laushi.

Wassalam.

Naku,
Direban a-kori-kura daga Kura.